Darasi: Sa'ad da Iska Ta Tare Hanyar Hawan Dutse

Darasinmu na wannan karo naka ne, kai da jama'a suka ɗora wa nauyin shirya musu fita. Wataƙila kai ne shugaban matasa a ikilisiyarku a Nima, ko ke ce shugabar zumuntar mata a Mamobi, ko malamin makarantar Lahadi, ko mai jan ragamar 'yan motsa jiki na unguwa. Kun yi wata biyu kuna tara kuɗi. An kama bas, an ba direba kafin alƙalami, an buga riguna iri ɗaya, iyaye mata sun kwana suna dafa wake da shinkafa. Za a je hawan Afadjato, ko duwatsun Shai, ko a taka daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Sai gari ya waye da iska. To, me za ka yi?

Amsar wannan tambaya tun a gida ake shirya ta. Wanda ya bari sai yana tsakiyar dutse, da mutum arba'in a bayansa, kowa yana faɗin nasa, ya riga ya makara. Saboda haka za mu duba irin iskar da take kaɗawa a ƙasarmu, da yadda ake gane ƙarfinta, da yadda za ka tsara tafiya domin in ta taso ka sāke shiri ba tare da rigima ba.

Abin da ya faru a Kintampo

A ranar Lahadi, 19 ga Maris, 2017, ɗalibai suka je yawon buɗe ido a matsirgar Kintampo, wato inda ruwan kogin Pumpum yake zubowa daga kan dutse, a kan hanyar Kumasi zuwa Tamale. Yawancinsu 'yan makarantar sakandare ta Methodist ne da ke Wenchi. Suna cikin wanka a gindin ruwan da yamma, sai hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Iskar ta tumɓuke babban itace daga sama, ya faɗo a kansu. Aƙalla mutum 18 suka rasu, fiye da 20 suka ji rauni. Sai da aka kawo injin yankan itace kafin a iya ciro waɗanda ya danne. Hukuma ta rufe wurin, aka yi watanni ana gyara kafin a sāke buɗe shi.

Ba mu kawo wannan labari domin mu ɗora wa wani laifi ba. Mun kawo shi domin ka lura da wata, da lokaci, da wuri. Watan Maris ne, farkon damina. Da yamma ne, lokacin da hadari ya fi tasowa. Wurin kuma ƙasa ne, a kwari, ƙarƙashin manyan itatuwa. Mutane da yawa suna tsammani hatsarin iska a ƙolin dutse kaɗai yake, in an sauko cikin kurmi an tsira. Kintampo ta nuna mana ba haka ba ne. Inuwar da take ba ka sanyi da tsakar rana, ita ce abin gudu sa'ad da iska ta taso.

Ka duba kuma ranakun da muka fi fita. Hutun samun 'yancin kai ran 6 ga Maris ne. Litinin ta Ista takan faɗo a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Sai kuma ranar manoma a farkon Disamba, da kashegarin Kirsimeti. Wato ranakun hutunmu sun faɗo daidai cikin lokatai biyu da iska ta fi damun matafiyi.

Iska iri biyu

Ta fari ita ce guguwar farkon damina. A kudancin Gana babbar damina takan fara daga wajen Maris ko Afrilu ta kai Yuli, ƙaramar kuma ta zo wajen Satumba zuwa Nuwamba. A bakin waɗannan lokatai hadari yakan jeru kamar bango, ya taso daga gabas ya nufi yamma, yana gudun kimanin kilomita 50 a sa'a guda. Kai da ka girma a Zango ka san alamunsa. Gari yakan yi zafi ya yi tsit, ganye ba ya motsi. Gabas ta yi baƙi. Sai ka ji wata iska mai sanyi ta buge ka, ƙura da ledoji su tashi, kwanon rufi ya fara ƙara, mata su ruga kwashe shanya. Daga wannan iska mai sanyi zuwa saukar ruwa 'yan mintoci ne. Iskar gaban hadarin nan ita ce mai kwashe rufin ɗaki, ita ce mai kā da allunan talla a bakin titi, ita ce kuma mai karya itatuwa.

Yi lissafi da kanka. In ka hango hadari a nisan kilomita 25, rabin sa'a ya rage maka. Mutum arba'in, da yara da masu jiki a cikinsu, ba za su sauko daga ƙolin Afadjato cikin rabin sa'a ba. Ga shi kuma dutsen yana bakin iyakar Togo, hadarin daga can yake fitowa, duwatsun gabas suna tare maka gani. Sau da yawa ba za ka gan shi ba sai ya iso kanka.

Ta biyu ita ce hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan busasshiyar iska ce daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Hunturu ba ya yawan kā da itace a kudu, amma yana da nasa lahani. Hazo yakan rufe gari har wanda ya wahala ya kai ƙoli ba ya ganin komai, na gaba kuma ya ɓace wa na baya. Yana busar da jiki, gumi ya bushe nan da nan, mutum bai san ruwan jikinsa yana ƙarewa ba. Yana tā da ciwon masu asma. Masu sikila kuma, sanyin asuba da ƙarancin ruwa a jiki suna iya tā musu da ciwo, a Gana kuwa kusan jarirai 2 cikin 100 da wannan ciwo ake haihuwarsu. Ba mamaki akwai mai shi a cikin ƙungiyarka.

Babban hatsarin hunturu shi ne gobarar daji. Dattawa ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari da wutar daji suka cinye gonakin abinci da na koko, yunwa ta biyo baya. Ciyawar kan dutse a watan Janairu kamar auduga take. Wuta kuwa ta fi gudu sa'ad da take hawa tudu, in iska tana bayanta sai abin ya ninka. In ka hango hayaƙi a gindin dutsen da za ku hau, iska kuma tana kaɗowa wajenku, hawan ranar ya ƙare ke nan.

Yadda za ka auna iska da idonka

Ba sai kana da na'ura ba. A shekarar 1805 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Francis Beaufort ya tsara ma'aunin iska domin masu jirgin ruwa. Daga baya aka ƙara masa alamun da ake gani a tudu. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 12, amma matakai huɗu ne suka shafe ka.

Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28 a sa'a: ƙura da takardu suna tashi, ƙananan rassa suna motsi. Ana iya tafiya, amma ido yana sama.

Mataki na 5, kilomita 29 zuwa 38: ƙananan itatuwa masu ganye suna rangaji gaba ɗaya. A rage tafiyar, kada a kai yara ƙoli.

Mataki na 6, kilomita 39 zuwa 49: manyan rassa suna kaɗawa, wayoyin lantarki suna kuka, lema tana ƙin riƙuwa. Kada a hau dutse, kada a shiga kurmi.

Mataki na 7, kilomita 50 zuwa 61: manyan itatuwa suna jijjiga tun daga gindi, tafiya gaba da iska tana wuya. A nemi gini a shiga.

Ka riƙe abu biyu game da wannan ma'auni. Na ɗaya, iskar da kake ji a gindin dutse ba ita ce a sama ba. A ƙasa gidaje da itatuwa suna rage mata ƙarfi. A ƙoli ba abin da yake tare ta, in kuma ta matsu a tsakanin duwatsu biyu sai ta ƙara gudu, kamar yadda ruwa yake yi a ƙunƙuntar kwata. Saboda haka abin da ka auna a ƙasa, ka ƙara masa mataki ɗaya. Na biyu, in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa iskar da babba zai ce ba komai ba ce, tana iya ture yarinya 'yar shekara goma a kan dutse mai santsi. Da ƙarfin mafi rauni a cikinku za ka auna, gama shi ma a hannunka yake.

Kafin ranar tafiya, ka bi hasashen Hukumar Yanayi ta Gana, wadda aka fi sani da GMet. Tana ba da sanarwa kowace rana a rediyo da talabijin da intanet, takan kuma yi gargaɗi in ta hango hadari a kan Benin ko Togo yana nufo mu. Ka duba kwana uku kafin tafiya, ka duba daren tafiya, ka sāke dubawa da asuba. In kana da ɗan'uwa a Aflao ko Ho ko Lome, buga masa waya ka tambayi yadda gari yake. Abin da ya same su da rana, yana iya isowa Akra kafin la'asar.

Tafiya ɗaya, shiri uku

Sa'ad da kwamitinku ya zauna, kada ku tashi da shiri ɗaya. Ku rubuta uku, ku karanta wa jama'a tun ranar da aka fara karɓar kuɗi.

Shiri na fari shi ne abin da kuke so, in gari ya yi kyau. A ce hawan Afadjato daga ƙauyen Liati Wote. Daga Akra tafiyar sa'a huɗu ce ko fiye, saboda haka a bar Nima tun da asuba domin a hau da safe, kafin zafin rana ya tara hadari. A nan za ku sa lokacin juyawa. Ku ce, ƙarfe goma sha biyu na rana, duk inda muka kai, za mu juyo. Wannan lokaci ba a ja masa ko da ƙolin yana gabanku kuna ganinsa, gama hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka tuna kuma a ƙasarmu rana takan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira.

Shiri na biyu shi ne gajeriyar tafiya, in akwai iska amma ba hadari. A tsaya a rabin dutse. Ko a raba jama'a, ƙarfafa su ci gaba tare da ɗan jagora, yara da dattawa su tsaya a ƙauye tare da babba guda biyu. A Wli, kusa da Hohoe, a bar hawan matsirga ta sama mai tsayi da wuya, a je ta ƙasa wadda hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce. A duwatsun Shai, wajen kilomita 50 daga Akra a kan hanyar Akosombo, a zaga fili a ga namun daji, a bar hawan kogo. Amma ka lura, hanyar Wli ta ƙasa cikin kurmi take. In iskar ta kai mataki na 6, ita ma ta fita daga lissafi.

Shiri na uku shi ne na ranar da ba dutse sam. A nan ne shugabanni da yawa suke kuskure, su guje wa hatsari ɗaya su faɗa wani. Wani zai ce, tun da ba hawa, mu je lambun Aburi mu ci abinci. Lambun nan tun 1890 aka buɗe shi, cike yake da tsofaffin manyan itatuwa, wuri ne mai daɗi ranar da gari yake lafiya, amma ba wurin zama ba ne ranar guguwa. Wani zai ce mu je bakin teku, alhali iskar da ta hana ku dutse tana tā da igiyar ruwa. Wani zai ce mu shiga kwalekwale a tafkin Volta, inda hadari ya sha kifar da jirage. Shiri na uku ya zama mai rufi da bango. Gidan tarihi na ƙasa yana nan cikin Akra, an sāke buɗe shi a 2022 bayan gyara. Wurin tunawa da Kwame Nkrumah ma an sabunta shi a 2023, yana da ɗakin tarihi. Yara da yawa a Nima da Mamobi ba su taɓa shiga ko ɗaya ba, ga su kuwa kusa da gida. In duk wannan bai yiwu ba, a koma harabar ikilisiya ko ajin makaranta a ci abincin tare, a sa wata rana.

Sai batun kuɗi, gama shi ne yake tura shugaba ya yi abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Yakan ce, an riga an biya mota, in mun fasa kuɗin mutane ya tafi. Ka kashe wannan magana tun da wuri. Ka yi yarjejeniya da direba a gaban shaidu cewa in gari ya ɓaci za a ɗaga zuwa rana kaza, ka san abin da za a ƙara masa. Ka gaya wa jama'a abin da za a iya mayar musu da abin da ba za a iya ba. In ka ware ɗan wani abu daga cikin kuɗin domin irin wannan rana, ka sauƙaƙa wa kanka. Kuɗin mota ana sāke tara shi a wata biyu. Iyayen Wenchi da suka rasa 'ya'yansu, ba abin da za a tara a mayar musu.

A bar madugu ya yanke magana

Sunan unguwanninmu kansa yana da darasi. Zango shi ne wurin da ayari yake sauka ya huta. Fataken da suke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga sayen goro sukan yi watanni a hanya. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, cinikin goro ya karkata zuwa wasu kasuwanni, Kintampo tana cikinsu, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya warwatsa fatake zuwa garuruwa da yawa har da Akra. Waɗannan mutane sun san hanya. Kowane ayari yana da jagaba mai tafiya a gaba yana duba hanya, yana kuma da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe. In madugu ya ce yau a nan za a sauka, an sauka, ko da mai jaki ɗaya yana ganin da sauran rana. A wurinsu sauka a zango wani sashe ne na tafiyar, ba wanda yake jin kunyarsa.

Haka ƙungiyarka take bukata. Kafin a shiga mota, a faɗa a gaban kowa wane ne madugu. Mutum ɗaya ne zai ce a ci gaba ko a juya. Zai saurari shawara, musamman ta 'yan jagora na wurin, irin mutanen Liati Wote ko ma'aikatan gandun Shai, waɗanda suke kallon sararin nan kowace rana. Amma ba a kaɗa ƙuri'a a kan dutse. In ka ce masu son a ci gaba su ɗaga hannu, samari masu ƙarfi za su ɗaga, masu tsoro kuma kunya za ta hana su magana.

Ka san labarin tafiyar Bulus zuwa Roma a Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin yana wata mafaka a tsibirin Karita, lokacin tafiyar teku ya riga ya wuce. Bulus ya ba da shawara a dakata. Jarumin da yake tsaronsu ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, yawancin mutane kuma suka goyi bayan a ƙara gaba kaɗan zuwa tashar da ta fi daɗin zama. Da wata iska mai laushi ta busa daga kudu, suka ɗauka bukatarsu ta biya. Ba a daɗe ba guguwa ta fyauce jirgin, mutum 276 suka yi mako biyu a hannunta, aka zubar da kaya, jirgin ya farfashe a Malita. Rayukansu sun tsira, amma dubi abin da ya jawo asarar: rinjayen masu yawa, da sha'awar wuri mafi daɗi, da lafawar iska ta ɗan lokaci. Waɗannan su ne za su matsa maka a gindin dutse. Wani zai ce, shugaba, ai ta lafa. Ka tuna shirun da gari yake yi kafin guguwa.

Madugu yana bukatar mataimaka. Ka sa jagaba a gaba wanda ba mai wuce shi. Ka sa wani babba mai haƙuri a can baya wanda ba ya barin kowa a bayansa. Ka raba jama'a kashi kashi, kowane mutum takwas ko goma da mai lura da su. Ka riƙe takarda mai sunan kowa da lambar wayar wani nasa a gida, ka bar kwafinta a hannun wani dattijo da bai tafi ba. A ƙirga mutane sa'ad da za a shiga mota, da gindin dutse, da wurin juyawa, da bayan an sauko. Ka tambayi masu asma da masu sikila a asirce, ka tabbata sun ɗauki maganinsu. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu. Lambar neman taimakon gaggawa a Gana ita ce 112, amma waya ba ta kamawa a kowane kwari, saboda haka ka riƙe usur da tocila.

Ka duba kuma kayan da mutane suka ɗauko. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Babban ƙyallen da aka rubuta sunan ƙungiya, da lema, da babbar riga, da mayafi mai faɗi, da kular abinci a ka, duk suna kama iska su ja mai su. A naɗe ƙyallen a bar shi a mota. Hannu biyu su zama a sake. Silifa da takalmi mai tsini su tsaya a gida. Rumfar tamfol da ba a ɗaure ta da kyau ba takan tashi da ƙarafanta, ta zama makami.

In ta riske ku a sama

Wani lokaci mutum yakan yi duk abin da ya kamata, hadari kuma ya zo ba zato. Abu na fari, kada ka bari a ruga. Yawancin raunin da ake ji a irin wannan hali daga gudu ne a kan gangara. Ka busa usur, ka tara mutane, ka yi magana da murya a kwance, gama in suka ga tsoro a fuskarka sai su watse.

Ku bar ƙoli da doron dutse da bakin gaɓa, ku gangara ta gefen da dutsen ya tare iskar. A wuri mai wuya a sunkuya, a kama dutse da hannu, a wuce ɗaya bayan ɗaya, manya suna riƙe da yara. Ku ɗaga ido ku duba abin da yake bisa kanku: busasshen reshe, itacen da ya karkata, itacen da saiwarsa take a fili a bakin gaɓa. Kada ku tsaya a ƙarƙashinsu. In kuna cikin rafi ko gindin matsirga, ku fita nan take, gama ban da itatuwa, ruwan da ya sauka a sama yana iya cika rafin cikin ɗan lokaci. Masu takawa a titin Ayi Mensah zuwa Peduase su yi nesa da bangon dutsen da aka sara, gama duwatsu sun sha gangarowa kan titin nan lokacin ruwa.

In akwai walƙiya, ka ƙirga daga ganin hasken zuwa jin tsawa. Kowane daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, aradu tana iya kai muku. Kada a fake a gindin dogon itacen da yake tsaye shi kaɗai, kada a fake a bakin ƙaramin kogo ko ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa. In ba mafaka, kada a cunkushe wuri ɗaya, a ba juna tazara. Mafaka mai kyau ita ce ginin kirki, ko bas ɗinku mai rufin ƙarfe, a rufe tagogi, muddin direba bai ajiye ta ƙarƙashin itace ko allon talla ko turken lantarki ba. Bayan tsawa ta ƙarshe a jira minti 30 kafin a fito.

In kuwa wutar daji ce, kada a gudu sama, gama za ta cim muku. A bi gefe a gangara, a nufi fili marar ciyawa, ko falalen dutse, ko inda wutar ta riga ta cinye. Ku ma kada ku hura wutar girki a kan dutse da hunturu.

Yadda za ka faɗa wa jama'a

Sa'ad da ka yanke cewa ba za a hau ba, za a ji haushi. Yarinyar da ta yi wata biyu tana ajiye kuɗin koko da ƙosai domin wannan rana za ta yi kuka. Wani saurayi zai ce tsoro ne ya kama ka. Mai yiwuwa ma hadarin ya bi ta wani gefe, rana ta fito, a dawo gida ana yi maka dariya. Ka shirya wa wannan. Hukuncin da aka yanke bisa ga alamun da aka gani daidai ne, ko ruwan ya sauka ko bai sauka ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka yi faɗa, kada kuma ka ɓoye dalili. Ka tara su ka ce, 'yan'uwa, ku dubi rassan can, ku dubi gabas. Mun yi alkawari tun a gida cewa in muka ga haka za mu koma shiri na biyu. Ga abin da za mu yi yanzu, ga kuma ranar da za mu dawo. Mutane sukan karɓi canji in an nuna musu abin da za a yi a maimakonsa. Sa'an nan ka buga wa dattijon da yake riƙe da sunaye waya, domin iyaye a gida su san inda kuke. Uwar da ta ga gabas ta yi baƙi a Mamobi, ɗanta yana kan hanya, minti ɗaya a wurinta kamar yini ne.

Ka cika alkawarin ranar da ka sa. In ka fasa sau ɗaya ba ka sāke shiryawa ba, wata rana ba za su saurare ka ba. In kuwa suka ga ka mayar da su dutsen cikin kyakkyawan yanayi, ƙananan da suke kallonka za su koyi yadda ake riƙon jama'a, su ma wata rana su yi wa na bayansu haka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A tafiyarku ta ƙarshe, wane ne yake da maganar ƙarshe? Kowa ya san shi tun kafin a tashi?

2. Waɗanne alamu ne za su sa ƙungiyarku ta bar shiri na fari ta koma na biyu? Ku rubuta su.

3. Wane ne mafi rauni a cikinku, me kuma tafiyar take bukata domin shi ma ya je ya dawo lafiya?

4. In an fasa tafiya da asuba, me zai faru da kuɗin mota da abincin da aka dafa?

Abin yi a wannan mako

Ka fita ƙofar gida sau uku a rana, safe da rana da yamma, ka dubi itatuwa da sararin gabas, ka faɗi matakin da iska take. Ka kwatanta da abin da GMet ta faɗa. Ka koya wa mutum biyu a ƙungiyarka su yi haka. Kafin hutu mai zuwa, ku zauna da kwamiti ku rubuta shirinku uku a takarda ɗaya.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku gida lafiya, ba wanda ya ragu. Sai mun sadu a darasi na gaba.